Tsaron Gonar Waken Soya Daga Ƙwari

Wurin karatu: Nehemiya 4:7-9 da Karin Magana 27:23-27

Manufar darasi: Domin iyalin Kirista su san ƙwarin da ke ɓarna a gonar waken soya, su iya bambanta su da waɗanda ba su da wani lahani, su kuma san lokacin da feshi ya wajaba da yadda za a yi shi ba tare da an cuci rai ba.

Gabatarwa

A kowace damina, da zarar waken soya ya rufe kunya, sai a ga manoma da yawa sun goya famfon feshi sun nufi gona, domin sun ga huji-huji a jikin ganye. Waɗansu sukan maimaita feshin tun waken bai yi fure ba, kuɗin maganin kuwa daga abin da aka tanada domin makarantar yara ko cefanen gida yake fitowa. Amma sa'ad da kaka ta yi aka sussuke waken, sai a tarar ƙwayar ta motse, ta yi tabo-tabo, buhu ba nauyi. Mai gona ya tsaya yana mamaki, tun da a ganinsa bai rage kome ba cikin ɗawainiya.

Dalilin wannan hasara a fili yake. Maganin ya ƙare a kan ƙwari masu cin ganye, waɗanda waken soya yake iya jimre wa ɓarnarsu, ƙwarin da suka tsotse ƙwayar kuwa sun shigo daga baya, lokacin da mai gona ya ɗauka aiki ya ƙare. Saboda haka babban abin da wannan darasi yake koyarwa shi ne, a duba gona a san abin da ke cikinta kafin a taɓa kwalbar magani.

Darajar waken soya ga iyali

An kawo waken soya Nijeriya a shekarar 1908, amma bai karɓu sosai ba sai da aka sami irin da ake kira Malayan a 1937, wanda ya yi kyau a ƙasar Tibi ta Binuwai. Daga can nomansa ya bazu zuwa kudancin Kaduna, Nasarawa, Filato, Taraba, Neja da sauran wurare. Daga baya cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, tare da cibiyar NCRI ta Badeggi, suka fitar da ingantattun iri, irin su TGx 1448-2E da TGx 1835-10E, waɗanda manoma da yawa suka sani.

Kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwayar waken soya abinci ne mai gina jiki, kusan kashi 20 kuma mai ne. Daga gare shi mata suke yin awara, da madara, da daddawa, da garin kunun yara. Masu kiwon kaji da kamfanonin mai suna sayensa, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, har masarar da aka shuka bayansa takan ji daɗi. Ga iyalai da yawa, buhunan waken soya su ne kuɗin makaranta na watan Janairu, su ne kayan Kirsimati, daga cikinsu kuma ake fitar da baikon godiya na kaka. Ke nan wanda ya tsare gonar waken soya, abincin yaransa da mutuncin gidansa ya tsare.

Addu'a tare da tsaro

Sa'ad da Nehemiya da mutanensa suke gina garun Urushalima, maƙiya suka ƙulla shawara su auka musu. Abin da mutanen Allah suka yi shi ne, suka kai kukansu ga Ubangiji, sa'an nan suka sa masu gadi a bakin aiki, ba dare ba rana. Ba su ga addu'a a matsayin dalilin barin gadi ba, ba su kuma dogara ga gadi suka bar addu'a ba. Littafin Karin Magana kuma yana gargaɗin mai dukiya ya san halin da garkensa yake ciki, domin wadata ba ta dawwama ga wanda ba ya lura. Tun a Farawa 2:15 aikin da aka ba Adamu a gonar Aidan kashi biyu ne, wato noma da tsaro.

Akwai kuskure iri biyu da masu bi sukan fāɗa ciki game da ƙwari. Na farko shi ne na mutumin da yake cewa tun da ya ba da zakarsa ya kuma yi addu'a, ba ya bukatar leƙa gona. Alkawarin da ke cikin Malakai 3 gaskiya ne, amma ba a ba da shi domin ya zama mafakar ragwanci ba. Na biyu shi ne na wanda, da ya ga tsutsa a gonarsa, sai ya fara zargin maƙwabci da sammu ko baƙin baki. Gaskiya ne a zamanin annabi Yowel Allah ya yi amfani da fara domin ya kira Yahuza zuwa ga tuba, amma ƙwarin da ke bin waken soya kowace shekara suna da lokacinsu da hanyarsu, kamar yadda sauro yake da lokacinsa. Zargi marar tushe ya raba 'yan'uwa da yawa a cikin ikilisiya, bai kuwa taɓa kashe ƙwaro ko ɗaya ba.

Ƙwari masu cin ganye

Waɗannan su ne ido yake fara gani. A cikinsu akwai tsutsotsi iri-iri da ke fitowa daga ƙwan malam-buɗe-littafi na dare, akwai wata ƙaramar tsutsa da ke naɗe ganye ta ɓuya a ciki, akwai fara, musamman mai launi-launi ɗin nan mai wari, akwai kuma ƙananan ƙwari masu taurin baya da ke huda ganye kamar rariya. Ganin ɓarnarsu yakan tayar da hankali, amma Allah ya halicci waken soya da ganye fiye da abin da yake bukata. Idan aka cinye na sama, hasken rana yakan kai ga na ƙasa waɗanda dā suke cikin inuwa, su ci gaba da aikin ciyar da shuka, sabon toho kuma yana ta fitowa.

Ƙasar Barazil tana cikin manyan masu noman waken soya na duniya, masana aikin gona na can kuma sun daɗe suna auna wannan al'amari. Ma'aunin da suke koya wa manomansu shi ne, kafin fure ba a bukatar feshi sai ganyen da aka cinye ya kai kashi 30 cikin 100, wato kusan sulusin dukan ganyen gonar. Daga fure zuwa cikar ƙwaya kuwa, iyakar ita ce kashi 15 cikin 100, domin a lokacin shuka tana bukatar ganyenta ƙwarai. Idon mutum yakan ƙara gishiri wajen kimanta ɓarna, saboda ganyen sama da na bakin hanya ne yake fara gani. Hanyar da ta fi ita ce a tsinko ganye daga sama, da tsakiya, da ƙasan shuka a wurare dabam-dabam, a shimfiɗa su, a duba ko abin da ya ɓace ya kai sulusi. Sau da yawa za a tarar bai ko kusa ba.

Lokacin da masu cin ganye suke da hatsari na gaske shi ne makonni biyu na farko bayan tsiro, sa'ad da shuka take da ganye biyu ko huɗu kaɗai, domin fara ko tsutsar da ke yanke kara a gindi tana iya kashe ta ɗungum. Akwai kuma tsutsar da ke huda kwanso ta ci ƙwaya, irin wadda take ɓarna a auduga da tumatir. Ita ba a yi mata haƙurin da ake yi wa masu cin ganye.

Ƙwari masu tsotsar kwanso

Waɗannan su ne manyan maƙiyan waken soya, su ne kuma aka fi yin sakaci da su. Wanda aka fi sani shi ne koren ƙwaron nan mai fāɗin baya kamar garkuwa, wanda yake sakin wari idan an taɓa shi. Akwai kuma 'yan'uwansa masu launin ƙasa, waɗansu sirara masu dogayen ƙafafu, waɗansu masu ƙaya a kafaɗa, waɗansu manya baƙaƙe masu kaurin cinya. Duk wanda ya taɓa noman wake ya san su, gama su ne suke tsotse kwanson wake.

Bakinsu kamar allura yake. Sukan soka shi ta cikin kwanso har ya kai ga ƙwaya, su zuba yawu mai narkar da ita, sa'an nan su tsotse. Ba sa barin huji da za a hango daga nesa, ganye kuma yana nan kore shar, shi ya sa mai gona yakan wuce yana murna. Idan sun soki kwanso tun yana ƙarami, yakan bushe ya kaɗe, ko ya zama holoƙo. Idan ƙwaya ta fara cika ne, takan motse, ta yi tabo, nauyinta ya ragu, manta ya lalace, idan kuma aka ajiye ta domin iri ba ta tsira da kyau. Gonar da suka yi wa yawa takan ƙi bushewa a kan kari, a ga kara da ganye suna nan ɗanye alhali lokacin girbi ya yi.

Macen koren ƙwaron takan jera ƙwai da yawa wuri ɗaya a ƙarƙashin ganye, a manne da juna kamar saƙar zuma. Cikin mako guda sukan ƙyanƙyashe. 'Ya'yan ba su yi kama da uwar ba, ƙanana ne masu duhu da ɗigo-ɗigo, ba su da fiffike, da fari kuma a cure suke zama wuri ɗaya. Sukan sāke fata sau biyar, cikin mako huɗu zuwa biyar su zama manya masu tashi. Wannan ya nuna cewa tarin ƙwai guda da aka murƙushe da yatsa a watan Agusta ya rage ƙwari masu yawa da za su yi ɓarna a watan Satumba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yawancin irin da ake shukawa yanzu yakan yi fure bayan mako shida zuwa bakwai da shuka, ya nuna cikin kwana 90 zuwa 120. Daga ranar da kwanso ya fara fitowa har ƙwaya ta yi tauri, wannan shi ne lokacin gadi. Ƙwarin sukan shigo ta gefen gona, musamman gefen da ke kusa da gonar wake, ko jeji, ko wata gonar waken soya da ta riga ta nuna.

Abin da ba ƙwaro ba ne

Ba kowace cuta ce ƙwaro yake kawowa ba. Idan ganye ya yi ƙananan ɗigo masu launin tsatsa a ƙarƙashinsa, ya koma rawaya yana kaɗewa daga ƙasa zuwa sama, wannan ciwon tsatsa ne, maganin ƙwari kuwa ba ya yi masa kome. Rigakafinsa shi ne shuka iri mai jimre masa, kamar TGx 1835-10E. Haka kuma ganye yakan yi rawaya idan ruwa ya kwanta a gona ko ƙasa ta gaji. Wanda ya fesa maganin ƙwari a kan irin waɗannan ya zubar da kuɗinsa a banza. Idan ba a gane abin da ke damun gona ba, sai a tsinki ganyen a kai wa malamin gona ya duba.

Ma'aikatan da ba a biya

A cikin kowace gona akwai halittun da Allah ya sa suna yi wa manomi aiki ba lada. Gizo-gizo yana kama ƙwari dare da rana. Ƙoƙi-ƙoƙi yana cin tsutsa da fara. Zanzaro da rina suna kwasar tsutsotsi su kai sheƙarsu domin ciyar da 'ya'yansu. Ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi a baya yana cin darɓa. Akwai kuma waɗansu ƙananan ƙwari dangin zanzaro, waɗanda da ƙyar ido yake ganinsu, da suke saka ƙwansu a cikin ƙwan koren ƙwaro mai wari su kashe shi tun bai ƙyanƙyashe ba. Idan aka ga tarin ƙwan ya koma baƙi ƙirin, alama ce sun riga sun yi aikinsu, sai a bar shi domin su fito su ci gaba. Balbela da zabi da kwaɗi su ma suna da nasu rabo.

Maganin feshi ba ya tambayar wane ne aboki, wane ne maƙiyi. Feshin da aka yi da wuri ba dalili yakan share waɗannan ma'aikata, sa'an nan idan masu ɓarna suka dawo sai su tarar ba mai hana su, su yi yawa fiye da dā. Garin neman gira ke nan a rasa ido. A cikin misalin alkama da ciyawa na Matiyu 13, maigidan ya hana barorinsa gaggawar tuge ciyawa domin kada su haɗa da alkamar. Ko da yake Ubangiji Yesu a kan shari'ar ƙarshe yake koyarwa a wurin, kowane manomi zai gane hikimar maigidan nan, wanda ya san himma marar sani tana iya ɓata abin da ake so a ceta.

Yadda ake duba gona

Kayan aikin ba su da tsada. Farin ƙyalle mai tsawon mita ɗaya ya isa, ko farin buhu da aka farke aka wanke. Da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba, lokacin da ƙwarin ba su da kuzari, sai a shiga gona a hankali, a shimfiɗa ƙyallen a tsakanin layi biyu, a karkato shukokin layi ɗaya a kansa, a girgiza su da ƙarfi. Nan da nan sai a ƙidaya abin da ya zubo: masu tsotso nawa, tsutsa nawa, abokan manomi nawa. A cikin masu tsotso ana ƙidaya manya da 'ya'yan da suka kai rabin santimita.

A yi haka a wurare shida zuwa goma, waɗansu a gefe, waɗansu a tsakiya, sa'an nan a haɗa jimla a raba da yawan wuraren. Ma'aunin da ake bi a Barazil shi ne, idan masu tsotso sun kai biyu a kowace mita a gonar da za a sayar ko a ci, lokacin feshi ya yi. Idan gonar iri ce, ɗaya a kowace mita ya isa. Misali, wanda ya duba wurare goma ya sami ƙwari takwas gaba ɗaya, bai kai ko ɗaya a mita ba, sai ya dakata ya sāke dubawa bayan kwana kaɗan. Wanda ya sami ashirin da biyar kuwa ya wuce iyaka, kada ya jinkirta. Idan kuma ƙwarin a gefe ɗaya kaɗai suka taru, feshin wannan gefen ya isa, ba sai an bi dukan gonar ba.

Wannan dubawa sau ɗaya a mako ake yinta tun daga tsiro, amma daga fitowar kwanso gara a yi sau biyu. Aiki ne da ya dace da dukan iyali. Yara 'yan makaranta suna da kaifin ido, suna kuma jin daɗin ƙidaya. Idan aka ba ɗaya daga cikinsu littafi ya riƙa rubuta kwanan wata da abin da aka samu, kafin shekara biyu iyalin za su san makon da ƙwari suke shigowa gonarsu, su shirya tun da wuri.

Rigakafi

Rigakafi ya fi magani, yawancinsa kuma ba ya cin kuɗi. A shuka a kan kari, wato daga watan Yuni zuwa farkon Yuli a yawancin wuraren da ake noman waken soya, bisa ga yadda damina ta zauna. Gonar da ta makara ita ce takan zama matattarar ƙwarin da suka taso daga gonakin da suka riga suka bushe. Domin haka yana da amfani maƙwabta su yi shawara su shuka kusan lokaci ɗaya, Zumuntar Maza da Zumuntar Mata kuwa wuri ne mai kyau na yin irin wannan shawara.

A yi amfani da iri mai kyau, a shuka shi da kauri yadda zai rufe ƙasa da wuri, a ba shi takin sufa domin saiwa ta yi ƙarfi. A yi noma a kan lokaci, a share ciyawar gefen gona inda ƙwari suke ɓuya. Kada a maimaita waken soya a wuri ɗaya shekara da shekaru, a riƙa juya shi da masara ko dawa. Wannan juyi yana da riba biyu, domin waɗansu irin waken soya, kamar TGx 1448-2E, suna sa ƙwayar wuta-wuta ta tsira ta mutu don ba ta sami abin kamawa ba. Idan da hali, kada a haɗa iyaka da gonar wake. A ƙaramar gona kuwa, tsince ƙwari da hannu da sassafe a zuba su a ruwan sabulu, tare da murƙushe ƙwai, yana rage su ƙwarai.

'Ya'yan dogon yaro, wanda waɗansu suke kira darbejiya, magani ne da ke ƙofar gida. A tattara nunannu, a wanke, a shanya a inuwa, a ɓare, a daka ƙwayar. A jiƙa rabin kilo na garin a ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi, a sa ɗan sabulu kaɗan domin ya kama ganye, a fesa da yamma. Ba ya kashe ƙwaro nan take, amma yana hana shi ci da girma, ya kuma fi aiki a kan ƙananan tsutsotsi da 'ya'yan masu tsotso. Rana tana kashe ƙarfinsa cikin kwanaki kaɗan, saboda haka akan maimaita bayan mako guda.

Idan feshi ya wajaba

Sa'ad da ƙidaya ta nuna ƙwari sun wuce iyaka, ba laifi ba ne a yi amfani da maganin kanti. Sau da yawa feshi ɗaya da aka yi daidai lokacin cikar kwanso ya fi uku da aka yi a kan ganye. A saya a wurin dillali sananne, a duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji wanda aka ɗura a kwalbar da ba ta da takarda. Magungunan da aka saba amfani da su a kan masu tsotso sun haɗa da masu sinadarin saifametirin da lamda-saihalotirin, amma malamin gona ne zai faɗi wanda ya dace. A bi awon da aka rubuta a jikin kwalba. Ƙara awo ɓarnar kuɗi ce da hatsari, rage shi kuma yana barin ƙwari su saba da maganin. Kada a haɗa magunguna biyu ko uku bisa ga jita-jita, kada kuma a nace wa iri ɗaya kowace shekara.

A yi feshi da sassafe ko da yamma, lokacin da iska ta kwanta, ba kuma hadari. Idan gona tana fure, yamma ta fi, domin a lokacin ƙudan zuma sun koma amya. A sa bakin famfon ya kai ga kwanso a cikin ganye, gama can ƙwarin suke.

Rai ya fi amfanin gona

Maganin ƙwari dafi ne, yana kuma shiga jiki ta fata, da hanci, da baki. Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu, da dogon wando, da takalmin roba, da safar hannu, ya rufe hanci da baki. Kada ya dama magani da hannu, kada ya busa bakin famfo da bakinsa idan ya toshe, kada ya ci abinci ko goro yana cikin aiki, kada kuma ya fuskanci iska. Idan ya gama ya yi wanka da sabulu, a wanke tufafin dabam da na iyali. Yara, da mata masu ciki, da masu goyo, ba su da aiki a wurin feshi ko kaɗan.

Kada a wanke famfo a rafi ko kusa da rijiya, domin na ƙasa da ruwan nan suke sha. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan a cikin famfon, a huda ta, kada ta koma gida ta zama abin zuba mai, ko gishiri, ko kunu. Ragowar magani a kulle shi a wurin da ba ɗakin kwana ba, ba kuma wurin abinci ba. Wannan kullewa tana tsare ƙananan yara, tana kuma tsare wanda baƙin ciki ya rufe shi a sa'ar gwaji. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabe na maganin dikulobos saboda yadda ake amfani da shi a gidaje ba bisa ƙa'ida ba, har ana rasa rayuka.

Alamun dafi sun haɗa da ciwon kai, jiri, amai, yawan zufa, dalalar yawu da wahalar numfashi. Wanda ya nuna su, a fitar da shi daga gonar, a tuɓe masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin domin likita ya san abin da zai yi. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada kuma a tilasta masa amai.

Girbi da ajiya

A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi, lalle ne a cika su. A girbe waken sa'ad da yawancin kwanso, kamar kashi 85 cikin 100, ya bushe ya koma ruwan ƙasa, tun bai fara fashewa ba. A sussuke a kan tamfol, a shanya har ƙwaya ta riƙa fashewa ƙas idan an ciza. Ƙwarin rumbu ba sa damun waken soya kamar yadda suke damun wake, babban maƙiyinsa a ajiya shi ne laima. Busasshen wake a buhu mai tsabta, a kan katako, nesa da bango, ba ya bukatar a yayyafa masa kome. Wanda yake so ya ƙara tsaro sai ya yi amfani da buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda yake hana iska shiga.

Zuba maganin feshi a cikin hatsin da mutane za su ci zunubi ne ga maƙwabci. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Abin da Turawa suka ƙi, shi ne ake sayar wa gwauruwa da maraya a kasuwar ƙauye ba su sani ba. Littafi Mai Tsarki ya la'anci ma'aunin zamba, buhun da aka ɓoye dafi a cikinsa kuwa ya fi mudun zamba muni. Ya kamata a san manomi Kirista a kasuwa da cewa abin da yake sayarwa shi ne abin da yake ba 'ya'yansa.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Me ya sa Nehemiya ya haɗa addu'a da gadi, ta yaya kuma iyali za su yi haka a gonarsu?
2. Wane bambanci ke tsakanin ɓarnar masu cin ganye da ta masu tsotsar kwanso?
3. Waɗanne halittu ne suke taimakon manomi a gonakin wannan yanki?
4. A ina ake ajiye maganin ƙwari a gidan nan, wa kuma yake iya kai hannu gare shi?
5. Wace rana ce iyali za su keɓe kowane mako domin duba gona, wa zai riƙe littafin ƙidaya?

Abubuwan addu'a

A gode wa Allah saboda ƙasa, da ruwan sama, da iri. A roƙi hikima da haƙuri domin manoma, da kariya ga masu feshi da iyalansu. A tuna da waɗanda suka yi hasarar amfanin gona, da waɗanda rashin zaman lafiya ya hana su zuwa gonakinsu, domin Ubangiji ya mayar musu da abin da suka rasa, ya kuma buɗe hannun ikilisiya ta taimake su.